Kewar borsh da vareniki ta hana ni sakat: a ina kuke samu, ko yaya kuke haɗawa?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah kar a yi mini dariya, tambaya ce da ni ta gaske. Shekara shida na yi a Karkiv ina karatun likita, na gama a 2021, yanzu muna zaune a Bradford ta Ingila ni da maigida. Duk zaman da na yi a Yukren cikin mitar abincinsu na yi shi: ba yaji, ba daddawa, komai salam. Duk komawar da zan yi daga hutu, rabin akwatina kuka ce da busasshiyar kuɓewa. To yau ga ni da juna biyu wata biyar, kuma ba abin da raina ke so dare da rana sai borsh mai zafi da smetana a kai, da vareniki na dankali irin wanda wata tsohuwa ke sayarwa kusa da obshagarmu, wato gidan kwanan ɗalibai. Shekaranjiya har mafarkinsa na yi.

Na gwada dafawa sau biyu. Na farko ya fito kalar miyar taushe, jan nan ya gudu. Na biyu kuwa zaƙi kamar na zuba sukari. Akwai shagon 'yan Polan a bakin layinmu, na shiga na fito hannu rabbana, don rubutunsu ba irin wanda na iya ba ne, ina tsoron in kwaso alade. Waɗanda suka zauna can, a ina kuke samu? Masu haɗawa a gida kuma, me nake ɓatawa?

Ɗan_Fagge:
Ikon Allah. Mu muna nan muna jin 'yan ƙasar waje na kukan kewar tuwo da miyar kuka, ke kuma miyar Turawa kike wa mafarki. Allah ya raba lafiya, amma yaron nan a bincika, kar ya fito yana gaishe mu da yaren Rasha.

Maman_Biyu:
Ɗan_Fagge ka bar ta, kai ba ka san kwaɗayin ciki ba. Ni da nawa cikin ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa nake bi. Ummu_Hanifa Allah ya sauke ki lafiya. Ni dai ban san abincin ba, me ne ne ma borsh ɗin?

Tsohuwar_Ternopil:
Maman_Biyu, miya ce ta sha da cokali, ba ta cin tuwo ba. Romon nama ne da bitirut da kabeji da dankalin Turawa da karas da albasa da tumatur, ja wur, da ɗan tsami-tsami. In an zuba a kwano sai a ɗora cokali guda na smetana, wato man saman madara da aka bari ya yi tsami, a haɗa da burodi mai tafarnuwa da suke kira pampushki.

Ummu_Hanifa, matsalarki guda ce ta haifi biyun: ba ki sa tsami ba. Bitirut in ya daɗe yana tafasa cikin ruwa mai yawa launinsa guduwa yake yi, kuma shi da karas duk zaƙi gare su. Kar ki jefa shi cikin romo tun farko. Ki goge shi da abin goga kuɓewa, ki zuba a kasko daban da ɗan mai da cokali biyu na tumatirin gwangwani da cokali guda na ruwan khal ko lemon tsami, ki rufe ya turara a wuta kaɗan kamar minti 20. Albasa da karas ki soya su daban. Romon kuwa na ƙashi da naman ƙirjin sa, ya yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Dankali ya fara shiga, sai kabeji, in sun kusa nuna sannan ki juye bitirut ɗin. Da ya shiga kar ki bari ya yi ta zaɓalɓala, minti biyar zuwa goma ya isa. Tafarnuwa da ganyen ukrop, wani siririn ganye mai ƙamshi da ake kira dill da Ingilishi, a ƙarshe bayan kin kashe wuta. Kuma kar ki yanke masa hukunci ranar da kika dafa, sai ya kwana yake haɗa jikinsa.

Ummu_Hanifa:
Wayyo Anti, tun farko nake zuba komai lokaci guda kamar farfesu. Na gode. Khal ɗin ba zai hana dankalin nuna ba?

Tsohuwar_Ternopil:
Zai sa ya yi tauri, shi ya sa na ce sai dankali ya kusa nuna.

Bakatsine_Warso:
Ni shekarata takwas a Polan, bari in taimaka da batun shago. Ki ajiye kalmomin nan a wayarki. Wieprzowina ko wieprzowy, alade ke nan. Smalec kitsensa ne da aka narkar. Boczek da słonina da skwarki duk danginsa ne. Żelatyna ki kiyaye, sai in an faɗi daga inda ta fito. Wołowina naman sa, kurczak kaza. Amma ko a ledar sosej aka rubuta na kaza ne, ki juya bayan leda ki karanta, don sau da yawa akwai kitsen alade ko fatarsa a ciki. Ni dai sashen nama gaba ɗaya na yafe shi, naman miya a wajen mahautanmu nake saye.

Abin da za ki ɗauka hankali kwance: śmietana mai lamba 18, ita ce ta miya. Twaróg, shi ne tvorog ɗinku na Karkiv, farin cukun nan mai laushi da ɗan tsami. Buraki, bitirut. Koperek, shi ne ukrop. Kasza gryczana, ita ce girechka, ƙwayar nan da ake dafawa kamar shinkafa. Ogórki kiszone, kokwamban da aka tsima da gishiri, ban da konserwowe, wannan na khal ne da sukari, ɗanɗanonsu ba ɗaya ba. A firiza ki nemi pierogi ruskie, dankali ne da twaróg da albasa, shi ne mafi kusa da vareniki ɗin tsohuwarki. Shi ma ki duba ko da smalec aka soya albasar.

Kuma ba ki rasa shago a Ingila. Tun da Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004 suka yi ta kwarara can, har ƙidayar 2011 ta nuna yarensu ne na biyu bayan Ingilishi.

Sarkin_Gardama:
Ruskie? Ashe dai na Rasha ne. Duk abincin nan da kuke lissafawa ai na Rasha ne, sunaye kawai ake canzawa.

Bakatsine_Warso:
Malam, kar ka kuskura ka faɗi haka a gaban ɗan Polan ko ɗan Yukren. Ruskie ba daga Rasha ba ne, daga Rus ne, tsohon sunan yankin da ya haɗa da gefen Lviv a yammacin Yukren na yau. Da na Rasha ake nufi, rosyjskie za su ce. Amma ruɗanin da ka yi ba kai kaɗai ba ne, bayan yaƙin 2022 na ga gidajen abinci a nan sun goge sunan sun rubuta ukraińskie, wasu kuma suka ce ba za su canza ba, don asalin sunan bai da laifi.

Tsohuwar_Ternopil:
Kuma a watan Yulin 2022 hukumar UNESCO ta sa al'adar dafa borsh ta Yukren cikin jerin al'adun da ke buƙatar kariyar gaggawa. Wani mai dafa abinci, Yevhen Klopotenko, shi ya yi ta fafutukar abin. Ba wai an hana wasu dafawa ba ne, 'yan Rasha na yi, 'yan Polan na da nasu barszcz, amma nasu tatacce ne garau kamar zoɓo, har a kofi suke sha.

Sarkin_Gardama:
To rigimar dafa-dukar Najeriya da Gana ke nan, an sa mata rigar sanyi.

Zangon_Kumasi:
Kar ka jawo mu ciki, mu mun riga mun ci wannan gasar.

Baba_Injiniya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafi gidana. Na yi karatu a Kiyev zamanin Tarayyar Sobiyet, na dawo a 1986 da takardar injiniya da kuma mata, 'yar wani ƙauye kusa da Vinnitsa. Ita ce baƙuwa a ƙasar waje, ba ni ba, kuma abin da kike ji yau 'yata shi ta ji a Zariya, lokacin da ba waya ba intanet, wasiƙa sai ta yi wata kafin ta iso. Na karanta mata tambayarki, ta ajiye abin da take yi ta zo ta zauna, don haka abin da zan rubuta nata ne, ni magatakarda ne kawai.

Shekarar farko ba ta ga bitirut da idonta ba. Sai da wani direba da ke zuwa Jos ya fara kawo mata, tare da kabeji da dankali. Kafin nan abin da ya cece ta yakuwa ce. A ƙasarsu akwai koren borsh da ake yi da bazara da wani ganye mai tsami, shchavel. Ranar da ta ɗanɗana miyar yakuwa a gidan yayata sai ta ajiye cokali ta fashe da kuka, mu muka zaci yaji ne. Washegari ta sa aka sayo mata ɗauri biyu, ta yi romon kaza da dankali da albasa da karas, ta yanka yakuwa ta zuba a ƙarshe, ta dafa ƙwai ta yanka a kai, ta ɗora kindirmo. Har yau haka muke sha, jikokinmu ma sun zaci abincin Hausawa ne.

Smetana kuwa, kindirmo mai kyau take zubawa a ƙyallen tatar koko ta rataye awa biyu ko uku, ruwan ya tsiyaye. In tana son ya ƙara maiƙo ta kwashi saman madarar da aka dafa ta huce ta gauraya. Tvorog shi ma daga kindirmo: a sa a tukunya a wuta kaɗan ƙwarai, kar ya tafasa, da ya fara rabuwa da ruwansa a sauke, ya huce, a tace a rataye ya kwana. In ya tafasa ya zama roba. Ruwan da ya fito ba ta zubarwa, da shi take kwaɓa fulawar vareniki.

Ukrop ne ya fi ba ta wahala. Irinsa ta ƙullo a bakin gyale da muka je ganin gida, ta shuka da damina ya ƙi, ta shuka da zafi ya ƙone. Sai da ta gane lokacin hunturu yake so. Tun daga nan duk Nuwamba sai ta shuka a bayan gida, ta yanka ta cakuɗa da gishiri ta danna a kwalba, ya kai ta shekara.

Ta ce in gaya miki abu ɗaya da ba a faɗa ba. A ƙauyensu kitsen alade mai gishiri, salo, ake dakawa da tafarnuwa a zuba a ƙarshe, shi ne ƙamshin da ke sa miyar tsofaffi ta bambanta. Da ta musulunta ta maye gurbinsa da kitsen rago, ɗan kaɗan, a daka da tafarnuwa da gishiri a turmi har ya yi laushi. Ta ce bai zama ɗaya ba, ba za ta yi miki ƙarya ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Ummu_Hanifa:
Baba, wallahi sai da na yi ƙwalla. A gaishe mini da Mama, a ce mata dyakuyu, wato na gode. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. 'Yan'uwanta na can lafiya dai?

Baba_Injiniya:
Ta amsa, ta ce ke 'yarta ce daga yau. Ƙanwarta na nan a ƙauyen, ta ƙi fita, wai wa zai kula da gonar dankali. 'Ya'yan ƙanwar biyu suna Jamus. Addu'a dai muke ta yi.

Likitan_Yara:
Abokiyar aiki, kin sani amma tunatarwa ce, har da masu karatu a gida: mai juna biyu ta guji ɗanyar madarar da ba a dafa ba da duk cukun da aka yi da ita, saboda ƙwayoyin cutar listeriya da burusela. A shagon Ingila na cikin roba an riga an dafa madararsa, amma ki duba. Masu bin hanyar Mama a gida su tabbatar an tafasa madarar kafin a yi kindirmon. Na biyu, wanda bai saba da bitirut ba in ya ga fitsarinsa ya yi ja washegari kar ya ruga asibiti. An taɓa ta da ni tsakar dare a kan wannan.

Ɗan_Fagge:
Hhhh Likita, ai ni da na ga haka wasiyya zan fara rubutawa.

Sumy_2022:
Ni ban iya dafa komai ba, amma tunda an taɓo. Muna Sumy yaƙin ya same mu ranar 24 ga Fabrairu, iyakar Rasha na nan kusa da mu, hanya ta toshe. Kusan mako biyu muna sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa muna hawa, akwai ranakun da ruwan famfo ya ɗauke har ƙanƙara muka narkar. Matar da ke gadin ƙofar obshagarmu, wadda shekara uku muna faɗa da ita a kan dawowa da dare, ita ta riƙa kawo mana dankali da kwalaben kokwamba da kabejin da ta tsima tun kaka. Ta goga dankali ta soya mana deruni a kan ɗan murhu, mu goma sha wani abu muna tsaye da faranti. Ranar 8 ga Maris aka buɗe hanya muka fita ta Poltava. Yanzu ina Kaduna. Duk lokacin da na ji ƙamshin man sunfulawa irin nasu wanda ba a tace ba, mai ƙamshin soyayyen iri, sai gabana ya faɗi. Ban san ko kewa ce ko tsoro ba.

Ba_Na_Mantuwa:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ni ba na kewar komai nasu. Ban manta yadda aka ture mu daga ƙofar jirgin ƙasa aka ce sai 'yan ƙasa sun gama shiga ba, ban manta kwana biyu a tsaye cikin sanyi kafin mu tsallaka iyakar Medyka zuwa Polan ba, layinmu daban na fararen fata daban. Yatsun ƙafata har yau ba su dawo daidai ba. Miya ba ta wanke wannan.

Sumy_2022:
Ba wanda ya ce ta wanke, ɗan'uwa. Abin da ka faɗa ya faru, abokaina da suka bi ta can sun ba ni labari iri ɗaya. Wanda ya ture ka da wadda ta ciyar da ni duk 'yan ƙasa ɗaya ne, ni ma na kasa haɗa lissafin.

Bakatsine_Warso:
Ba_Na_Mantuwa, Allah ya ba ka lafiya. Ina cikin waɗanda suka je tashar jirgin Przemyśl, kusa da iyakar, tarbar 'yan'uwa a makon nan, na ga ƙafafun mutane. Ba zan yi maka gardama ba.

Maman_Biyu:
Allah ya kiyaye gaba, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Mu koma kan mai ciki kar yunwa ta kama ta. Vareniki ɗin fa, ba wanda ya faɗi yadda ake yi. Kamar ɗanwake ne?

'Yar_Jos:
Ba ɗanwake ba ne, ya fi kama da ɗan ƙaramin fanke mai ciki, ko in ce samosa da aka dafa a ruwa maimakon a soya. Mai kama da ɗanwake shi ne halushki, ƙullu ne zalla ake tsinkawa a jefa a tafasasshen ruwa, mutanen Poltava har gunkinsa suka gina a garinsu. Ranar da na fara ganinsa na ce wannan ai yaji da mai kawai ya rasa.

Ga yadda nake yi: fulawa rabin kilo, ruwa mai ɗumi kofi ɗaya, ƙwai ɗaya, gishiri, mai cokali guda. Ki kwaɓa ya yi laushi kamar fatar kunne, ki rufe ya huta rabin awa, wannan hutun kar ki tsallake shi. Ki murza da kwalba in ba ki da katakon murji, ki yanka da bakin kofi. Cikin kuwa dafaffen dankali ne da aka dama da soyayyar albasa mai yawa da gishiri da masoro, kuma sai ya huce sarai kafin ki ɗura. Ki naɗe kamar rabin wata ki matse bakin da kyau. Ruwan gishiri ya tafasa, ki zuba kaɗan-kaɗan, in sun taso sama ki ba su minti biyu ko uku ki tsame da matsami. Man shanu da soyayyar albasa a kai. Ki yi da yawa ki jera a tire su daskare kafin ki juye a leda, in ba haka ba za su manne su zama dunƙule ɗaya.

Mu nan Jos Allah ya hutar da mu, bitirut da kabeji da dankali duk a gonakinmu ake nomawa. Har da sitiroberi nake ɗurawa in lokacinsa ya yi, a madadin ceri ɗin da suke sawa.

Zangon_Kumasi:
Tambaya: maimakon wahalar tvorog ɗin nan, ba za a sa wagashi ba? Ko awara?

Baba_Injiniya:
Maman yara ta ce awara waken suya ce, a bar ta inda take. Wagashi kuwa madara ce amma ba ta da tsami, kuma ba ta marmashewa. Ta taɓa gwadawa lokacin da ba ta samu kindirmo ba, ta ce sai an murtsuke ta an haɗa da ɗan nono mai tsami sannan take kusantowa. Don sirniki dai, wainar da ake soyawa da tvorog, ba ta yarda ba sam.

Ɗan_Damagaram:
Mu cukunmu busasshe ne kamar takarda, da shayi ake ci, ba zai yi wannan aiki ba. Amma ni wata tambaya ke gare ni ga Bakatsine. Wani abokin aikina ɗan Polan a Yamai ya taɓa ba ni wata farar miya mai tsami daga leda, ya ce da gari ake tsima ta. Da na kurɓa sai na ji kamar kunun tsamiya ya auri farfesu. Mece ce?

Bakatsine_Warso:
Żurek ke nan, jurek ake furtawa. Allah ya sa ka duba ledar, don bisa al'ada da farar tsiran alade ake yin ta. Garin hatsin rai ake jiƙawa da ruwa da tafarnuwa a kwalba, a bar shi kwana huɗu zuwa biyar ya yi tsami, sunan ruwan zakwas. Shi ake zubawa a romo ya yi kauri, a yanka dafaffen ƙwai da dankali a ciki. Abincin bikin Ista ne amma kullum ana samu. Duk wanda ya ga yadda ake tsima gero a yi kamu ya gane dabarar. Ni da kaza mai hayaƙi ta halal nake yi, zakwas ɗin kuma a kwalba ake sayarwa, gari ne da ruwa da tafarnuwa kawai. Ummu_Hanifa, shi ma yana shagonku, wata farar kwalba da gari ya kwanta a ƙasanta.

Ɗalibai masu zuwa nan kuma ku nemi bar mleczny. Gidajen abinci ne masu araha da gwamnati ke tallafa wa, yawancin abin da suke yi na madara ne da fulawa da ganye. Sai dai in za ka karɓi pierogi ka ce bez skwarek, wato ban da soyayyen kitse, in ba haka ba za a watsa maka shi a kai ba tare da an tambaye ka ba.

Malam_Nasiha:
Jama'a a dai riƙa taka-tsantsan. Ba alade kaɗai ba ne, akwai batun yanka, akwai kaskon da aka soya wani abu a ciki. Na san malamai sun yi bayani a kan abincin Ahlul Kitabi kuma akwai saɓani a kan yankan injin na zamani, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ya fi kwanciyar rai shi ne abin da Baba ya kawo, a dafa a gida.

Tsohuwar_Ternopil:
Gaskiya ne Malam. Amma a sani ƙasashen nan suna da Musulminsu na asali. Tatar na Kirimiya Stalin ya kwashe su a 1944 zuwa Uzbekistan da maƙwabtanta, suka fara dawowa ƙarshen shekarun 1980, bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014 kuma da yawa suka koma Kiyev da Lviv suka buɗe gidajen abinci. A wajensu muke cin cheburek, soyayyiyar fulawa mai nama a ciki, da shinkafar plov ba tare da tambaya ba. Cheburek ɗin ma asalinsa nasu ne.

Bakatsine_Warso:
Nan Polan ma akwai Tatar Musulmi, a gabas kusa da iyakar Belarus. Ƙauyuka biyu, Kruszyniany da Bohoniki, da masallatansu na katako. Sarki Jan Sobieski ne ya ba kakanninsu filayen a 1679 saboda aikin soja. Na je na yi Juma'a a Bohoniki, na ci wani abu da suke kira pierekaczewnik, fulawa ce falle-falle da nama a tsakani, an naɗe kamar gammo an gasa.

Baƙon_Winnipeg:
Ku taho Kanada ku huta. 'Yan Yukren sun fara zuwa nan tun 1891, jikokinsu yanzu sun haura miliyan. Perogi suke ce wa vareniki, kowane babban kanti yana da shi a firiza kamar yadda taliya take a gida, har da mai cukun cheda wanda Mama ta Zariya in ta gani za ta ce ba ta san shi ba. A wani ƙauye mai suna Glendon a Alberta gunkinsa suka kafa, ƙato, da cokali mai yatsu a soke. Tsofaffin matan coci kuma suna haɗuwa su naɗa dubbai su sayar. Maƙwabciyata ke sayo mini na dankali zalla.

Ummu_Hanifa, Bradford ɗinku ma ai akwai tsofaffin 'yan Yukren da suka zo bayan yaƙin duniya na biyu suka yi aiki a masaƙu, suna da wurin taruwarsu. Ki tambaya, in suna wani taro ba za a rasa mai naɗa vareniki ba.

Ummu_Hanifa:
Ban taɓa sani ba wallahi, shekara uku ina garin. Zan bincika.

Maman_Biyu:
Kabejin nan da Sumy ya ce an tsima, a zafin Kano zai yiwu ko ruɓewa zai yi?

'Yar_Jos:
Zai yi. Gishiri giram 20 ga kowane kilo na yankakken kabeji, ki murtsuke har ya fitar da ruwa, ki danna a kwalba ruwan ya rufe shi, ki ɗora abu mai nauyi. Abin da ya leƙo saman ruwa shi ke lalacewa. A zafinku kwana uku ya yi tsami, sai firij. Amma ki bari sai hunturu ya fi daɗi, na zafi laushi yake yi.

Ummu_Hanifa:
Na dawo da rahoto. Jiya na shiga shagon da jerin kalmomin Yaya Bakatsine a hannu, matar da ke kanta ta ga ina ta juya robobi, ta zo ta taya ni, da na ce mata barszcz sai ta washe baki ta ƙara mini da ɗaurin koperek kyauta. Borsh ya fito ja wur, Anti Ternopil Allah ya biya ki. Na daka kitsen rago da tafarnuwa yadda Mama ta ce. Na ci kwano biyu a daren, yau da safe na ci na uku, kuma gaskiya na yau ya fi. Maigida da ke mini dariya ya zuba yajin ƙuli a nasa ya ce a ƙara.

Amma fa ba na tsohuwar obshaga ba ne. Akwai wani abu da ya rage, na rasa ko mene ne. Vareniki kuma rabi sun fashe a ruwa, na tsame fulawa daban dankali daban.

Baba_Injiniya:
Ta ce kin bar gari ko mai ya taɓa bakin ƙullun shi ya sa bai kama ba, ko kin cika ciki. Ki shafa ɗan ruwa a bakin da yatsa kafin ki matse, kuma ki rage wuta, kar ruwan ya riƙa tafasa da hauka. Abin da ya rage ɗin kuwa ta ce ki tuna ko tsohuwar na sa wake, don wasu suna sawa. In ba wake ba ne, wai ita ma shekara talatin da wani abu tana nemansa.

Ɗan_Fagge:
Yajin ƙuli a borsh. Angon nan namu ne, a ba shi sarauta.

Ummu_Hanifa:
Wake! Akwai farin wake manya a nata, na tuna. Zan gwada ranar Asabar. Saura na ceri, yanzu kuma shi raina ya koma. Na ga ceri a kanti amma masu zaƙi ne, ba irin masu tsamin nan ba.

Bakatsine_Warso:
Ki koma shagon ki duba firiza ko layin kwalabe. Wiśnie za ki nema, su ne masu tsami, czereśnie masu zaƙi ne. In an rubuta bez pestek an cire ƙwallon. Ki tsane ruwansu sosai ki barbaɗa ɗan garin sitaci da sukari kafin ki naɗe, in ba haka ba su ma fashewa za su yi.